Sofbol ɗin 'yan matan jami'a a Amurka: me ya sa ya kama mutane haka?

Nura: Salam jama'a. Dan Allah 'yan Amurka na gidan nan ku fito ku mana bayani. Kwana biyun nan duk inda na leƙa, Facebook ne, TikTok ne, sai bidiyon wasu 'yan mata da ƙwallo ruwan ɗorawa, ɗaya tana wulwula hannu tana jefowa ta ƙasa, fili ya cika maƙil ana ta ihu. An ce wai sofbol ne na jami'o'i kuma Texas ce ta ɗauki kofi. Ni abin da ya ɗaure min kai, wasan ɗalibai ne fa ba na ƙwararru ba, ya aka yi ya tara jama'a haka?

Abdul: Wa'alaikumussalam Nura. Ai a bakin ƙofarmu ake yi, ni a Norman nake karatu, tsakaninmu da Oklahoma City inda ake buga wasannin ƙarshe bai kai tafiyar awa ɗaya ba. Sunan gasar Women's College World Series. Jami'o'i 64 ke shiga, a yi ta tankaɗe da rairaya har a rage 8, su ne ke zuwa Oklahoma City a ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni. Tun 1990 a garin ake yi, in ka cire 1996 da aka kai shi Jojiya. Filin yanzu Devon Park ake ce masa, yana cin mutum wajen 13,000 kuma cika yake. Bana 2025 Texas da Texas Tech ne suka kai ƙarshe, wasa uku, Texas ta ci biyu, kuma wannan ne kofinta na farko a tarihi.

Malam Sani: Ni fa ina ganin aikin talabijin ne kawai. ESPN ta sa abu a gaba tana nunawa dare da rana, ko ba ka so sai idonka ya saba. Bature in ya so sayar maka da abu ya san hanya.

Abdul: Malam akwai ƙamshin gaskiya a maganarka, amma ba ita kenan ba. ESPN ai abubuwa da yawa take nunawa waɗanda ba mai waiwayarsu. Wasa na uku na bana mutum miliyan 2.4 suka kalla, ba a taɓa samun haka ba a sofbol na jami'a. Talla tana iya kawo mutum sau ɗaya, amma ba ita za ta zaunar da shi awa biyu ba kuma ya dawo gobe.

Ummi: Yaya Abdul fara yi mana bayanin wasan kansa tukuna, ni ina kallo ina jin daɗi amma rabin abin ban gane ba

Abdul: Toh Ummi. Ƙanwar besbol ce, sai dai komai an matse shi. Kowane ɓangare mutum 9. Mai jifa tana jefo ƙwallo, mai duka ta maka mata sanda ta ruga, akwai tasha huɗu da za ta zagaye, in ta dawo inda ta taso an ci maki ɗaya. In aka fitar da mutum uku, wato aka hana su isa tasha lafiya, sai a yi musanya, masu duka su koma tsaro. Zagaye 7 ake yi, besbol kuwa 9. Tsakanin tasha da tasha ƙafa 60 ne, wajen mita 18, a besbol ƙafa 90. Mai jifa kuma ƙafa 43 ce tsakaninta da mai duka, mita 13 kenan, kuma kafin ta saki ƙwallon ta riga ta yi tsalle ta ci wani abu daga ciki. To ki haɗa wannan da gudun ƙwallon. Manyan masu jifa suna kai mil 70 a awa, akwai Karlyn Pickens ta Tennessee da ta jefa mil 79.4 a bana, kusan kilomita 128 a awa, ba a taɓa auna wadda ta kai haka ba. Mai duka ba ta da ko rabin daƙiƙa ta yanke shawarar ta kai duka ko ta ƙyale. Kuma jifan ta ƙasa ne, hannu ya zagayo kamar majajjawa, shi ya sa suke da wata jifa da ƙwallon ke zuwa kamar tana hawa sama, mai duka ta kai sanda ta sami iska.

Ummi: Wallahi wannan jifan ne ya fara jan hankalina. Na zaci ta ƙasa ba za ta yi ƙarfi ba

Maman Afnan: Ummi ƙanwata zo Dallas ki tsaya a bayan raga ki ji ƙarar ƙwallon in ta faɗa safar mai cafewa, daga nan za ki daina zato. Afnan ɗina shekararta 13 kuma mai jifa ce a kulob ɗin unguwarmu. Babanta ke cafe mata da yamma a bayan gida, ya kifa bokiti ya zauna a kai da safa a hannu, yanzu sai da ya sayi abin kare ƙwauri don ƙafarsa duk ta yi tabo. Ita kanta da abin kare fuska na ƙarfe take shiga fili, don in aka dako ƙwallon kai tsaye ita ce ta fi kowa kusa. Ranar Asabar tun asuba muke fita, wani lokacin wasa uku ko huɗu a rana ɗaya, ta dawo wando duk jar ƙasa, gwiwa a kuje, amma in kika ce ta huta sati ɗaya sai kuka. Nura amsar tambayarka tana nan: yaran da ke wasan nan a Amurka ba su ƙirguwa, kowace tana da uwa da uba da kaka da ke bin ta fili fili, to duk waɗannan su ne 'yan kallon. In ka ga taron Oklahoma City ka duba da kyau, kulob kulob na ƙananan yara za ka gani da rigunansu iri ɗaya, an cika mota an kawo su su ga manyansu.

Nura: Ikon Allah. Maman Afnan to ba tsada?

Maman Afnan: Tsada kai. Sanda mai kyau ɗaya tana kai dala 400, ga kuɗin kulob, ga mai koya jifa daban, ga otal in gasar a wani gari ce. Wannan shi ne abin da ke damuna da wasan, yaran talakawa da yawa masu baiwa tun a nan ake barinsu a baya. Mu ma lissafi muke yi sosai.

Anti Rakiya: Maman Afnan ni tambayata ta uwa ce. Ya maganar sutura? Don abin da ke hana iyaye da yawa barin 'ya'yansu mata wasanni kenan.

Maman Afnan: Anti wannan na cikin abin da ya sa hankalina ya kwanta da shi. Dogon wando suke sawa saboda zamiyar da suke yi a ƙasa, da doguwar safa, ga hular kwano in za a yi duka. Afnan tana sa riga mai dogon hannu a ciki da ƙaramin hijabi a ƙarƙashin hular, kocinsu bai taɓa cewa uffan ba. Wandon dai yana ɗan kama jiki, sai mu ɗaukar mata wanda ya fi girmanta.

Anti Rakiya: Madalla, Allah ya raya ta. Ni kuma a matsayina na wadda ta daɗe tana koyar da wasannin motsa jiki a makarantar 'yan mata, ina so ku duba tushen abin, don ba daga sama ya faɗo ba. A 1972 Amurka ta yi wata doka, Title IX, wadda ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji, kuma wasanni na ciki. Jami'ar da ke kashe kuɗi a kan ƙwallon maza dole ta buɗe wa mata ƙofa, da tallafin karatu, da koci, da fili. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta fara gasar sofbol ta mata a 1982, jami'ar UCLA ta Los Angeles ta ci na farko. Ku lissafa, sama da shekara 40 ana zuba kuɗi ana horar da yara, waɗanda suka buga jiya su ne kococi da iyayen yau. Abin da muke gani yanzu girbi ne. Malam Sani talabijin ta zo ne ta tarar da abu ya nuna.

Malam Sani: Hajiya na yarda doka ta yi aiki. Amma bari in kawo inda ni abin bai kwanta min ba. An ce yarinyar Texas Tech ɗin nan dala miliyan ɗaya aka biya ta. Ɗaliba fa. To wannan karatu ta je yi ko aiki? In kuɗi ne ke kawo ɗan wasa ai an tashi daga wasan makaranta, an koma kasuwa, mai kuɗi ya saye kofi.

Abdul: NiJaree Canady kenan. Eh gaskiya ne, daga Stanford ta koma Texas Tech a 2024 kan yarjejeniyar da ta ɗan haura dala miliyan ɗaya, kuma ana cikin wasannin ƙarshen nan aka ba da labarin ta sake sa hannu a wata. Tun Yulin 2021 aka halatta wa ɗalibai 'yan wasa su ci kuɗi da sunansu da hotonsu. Amma Malam ka duba, kafin nan kowa na ci da gumin yaran nan, talabijin na ci, makaranta na ci, koci na ɗaukar albashi mai tsoka, su kaɗai aka ce haramun ne su taɓa ko sisi. Kuma Texas Tech ba ta taɓa zuwa Oklahoma City ba sai da yarinyar nan ta zo, ta kai su har wasan ƙarshe, har Patrick Mahomes, tauraron ƙwallon ƙafa irin na Amurka da ya yi makarantar, ya zo ya zauna yana mata tafi. Ni a ganina ta ci halak ɗinta.

Malam Sani: Ai ka ƙarfafa maganata. Makarantar da ba ta taɓa zuwa ba ta sa kuɗi ta zo. Gobe wadda ta fi ta kuɗi ta kwashe 'yan wasan ƙananan makarantu gaba ɗaya, sai su wa za su rage?

Ummi: Nan kam ina bayan Malam. Ni abin da ya sa na fara son wasan nan Odicci Alexander ce, na ga tsohon bidiyonta na 2021 na bi labarin. Makarantarta James Madison ba wanda ya sa ta a lissafi, suka zo wasan farko suka doke Oklahoma da ke lamba ɗaya a ƙasar. Yarinyar a hannun kakanninta ta tashi a wani ƙauye a Virginia, a jikin bangon ɗakin rijiyarsu ta koyi jifa, ta zana wurin da take so ƙwallo ta sauka ta yi ta jifa ita kaɗai. Ranar da aka fitar da su da koci ya zo canza ta, filin gaba ɗaya ya miƙe tsaye ana tafa mata har da magoya bayan Oklahoma, tana tafiya tana hawaye. Na kalli wurin nan na yi kuka wallahi. To yanzu irin wannan yarinyar shekara ɗaya za ta yi a ƙaramar makaranta a zo da kuɗi a ɗauke ta, kuma ba zan ga laifinta ba in ta tafi, amma mu masu kallo mun yi asarar irin wancan labarin.

Abdul: Wannan tsoron naki da yawa a nan ma suna da shi Ummi, ba zan musa ba. Sai dai tun kafin kuɗin ma kofin a hannun 'yan tsiraru yake yawo. UCLA na da 12, Arizona 8, Oklahoma 8. Kuma cikin 8 da suka zo bana 5 daga rukuni ɗaya suke, SEC, na kudu, inda ake da kuɗi kuma ba sanyi sosai a Fabrairu lokacin da ake fara kakar wasa. Ni har gani nake kuɗin ne ya sa aka ga sabuwar fuska bana.

Maman Afnan: Ni ba kuɗin Canady ne ya dame ni ba, hannunta ne. Ku da kuka kalla kun ga abin da ya faru. Tun da aka zo Oklahoma City ita kaɗai ke jifa, ba a hutar da ita ko sau ɗaya ba, ta fitar da Oklahoma 3 da 2, ta jefa wasan farko da Texas, washegari ta jefa na biyu, washegari kuma aka sake miƙa mata ƙwallo. Zagayen farko kawai aka ci ta maki 5 aka cire ta, aka tashi 10 da 4. Kana ganin fuskarta ka san ta gaji. Mutane na cewa wai jifa ta ƙasa ba ta gajiyar da kafaɗa kamar ta besbol, shi ya sa ake barin yarinya ɗaya ta yi ta jifa kwana da kwanaki. Ni uwar mai jifa ce, ni ke ɗora wa Afnan ƙanƙara a kafaɗa da daddare, kar wanda ya gaya min ba ta gajiya. A wasan yara na besbol ana ƙirga jifa a ce ya isa, mu a namu sai dai uwa ta sa ido da kanta. Na taɓa zuwa na sami wani kocinsu bayan wasa na biyu na ce yau kam ta gama, ransa bai so ba, na ce ɗiyata ce.

Anti Rakiya: Kin yi daidai. Koci kofi yake nema, ke kuma yarinya za ki mayar gida.

Nura: Abdul ku 'yan Oklahoma ya kuka ji da aka fitar da ku? Na ga ana ta cewa an karya mulki

Abdul: Garin ya yi tsit ranar wallahi. Ka san shekara huɗu a jere muke ɗauka, 2021, 2022, 2023, 2024, ba makarantar da ta taɓa yin haka. A 2023 wasa 61 suka ci aka ci su 1 tak, kuma sun jera wasa 71 ba a doke su ba har cikin 2024. Kocinsu Patty Gasso tun 1995 take wurin, duk kofi 8 ɗin nan ita ta kawo su, har mutum-mutuminta aka kafa a bakin sabon filinsu Love's Field. A nan Jocelyn Alo 'yar Hawaii ta buga, wadda ta fitar da ƙwallo bayan katanga sau 122, ba wadda ta kai ta a tarihin gasar. Texas kuwa sau biyu muna doke su a wasan ƙarshe, 2022 da 2024, shi ya sa nasu na bana ya yi musu daɗi haka. Amma ka san wani abu, ko da aka fitar da mu mutane ba su watse ba, kuma wasannin da ba mu ciki ne suka fi kowanne samun masu kallo. Da ana cewa ai Oklahoma ce ke cika filin don a gidanta ake yi, bana an ga ba haka ba ne.

Ummi: Yaya Abdul ba su labarin wasan farkon nan, yadda Texas ta ci, ni har yanzu ina mamaki

Abdul: Kai wannan wurin. Texas Tech na gaba 1 da nema, zagaye na 6, Texas na da mutum biyu a tasha ta biyu da ta uku, an fitar da biyu saura ɗaya. Mai duka Reese Atwood ce, sai kocin Tech ya ce kar a ba ta abin duka, a jefa mata huɗu a waje da gangan ta wuce tashar farko kyauta. Mai cafewa ta miƙe tsaye, Canady ta jefa ɗaya, biyu, uku, kowa ya saki jiki. Ta huɗun ba ta yi nisa yadda ya kamata ba, kawai Atwood ta kai mata sanda, ƙwallo ta ratsa ta ɓangaren hagu, mutum biyu suka shigo gida. 2 da 1, haka aka tashi. Ni a ɗakin kallo na hostel nake, wani da ko dokar wasan bai sani ba sai da ya yi tsalle daga kujera. Irin wannan ne Nura, fili ƙarami, komai na faruwa cikin ƙiftawar ido, kuskure ɗaya ya juya wasa. Kuma yaran ba sa ɓoye abin da ke ransu, daga benci waƙa suke yi da tafi tun farko har ƙarshe, in an ci a yi ta rungume-rungume, in an faɗi a yi kuka a gaban kyamara.

Malam Sani: To bayan jami'a fa? Yarinya ta yi suna shekara huɗu, sai me? In ba inda za ta je ai an yi amfani da ita ne an yar.

Anti Rakiya: Wannan tambayar tana da nauyi Malam. Shekaru da yawa haka abin yake, gasar ƙwararru a Amurka ba ta da ƙarfi, manyansu da dama Japan suke tafiya buga wa kulob na kamfanoni, irin su Monica Abbott. Olamfik ma wasa ake musu da hankali, an sa wasan daga 1996 zuwa 2008 aka cire, aka dawo da shi a Tokyo inda Japan ta doke Amurka 2 da nema, aka sake cire shi a Paris. Kuma kar ku ɗauka ita gasar jami'ar an daɗe ana mutunta ta. A 2021 an matse jadawali har wani wasa ya kai bayan ƙarfe 2 na dare, kococi suka fito suka yi magana da babbar murya, sai a 2022 aka ƙara kwanaki. Duk abin da suka samu sai da suka nema.

Abdul: Haka ne Anti. Amma bana an buɗe sabuwar gasar ƙwararru, AUSL, kuma hukumar besbol ta MLB ta sa kuɗinta a ciki, Kim Ng ce ke shugabanta. Olamfik na 2028 kuma wasan ya dawo, kuma duk da Los Angeles ce mai masauki, sofbol ɗin a Oklahoma City za a buga, a wannan filin dai.

Malam Sani: Allah ya sa ta ɗore. Ni dai a kan maganar kuɗi ina nan inda nake, ku ba shi shekara biyar ku ga ko wata James Madison za ta sake leƙo wurin.

Ummi: Amin Malam, ni ma fatana kenan ta sake leƙowa

Nura: To ni yanzu ta ina zan fara? Akwai cikakkun wasanni a YouTube?

Abdul: Akwai taƙaitattu da yawa, wasu ma cikakku. Fara da James Madison da Oklahoma na 2021, sannan ka nemi na Montana Fouts ta Alabama da UCLA a 2021 ɗin dai, ranar da ta cika 21 ta fitar da mutum 21 a jere ba wadda ta taka tashar farko. Sai ka zo kan Texas da Texas Tech na bana. Kai tsaye kuwa sai Fabrairu in Allah ya kai mu, kuma ka shirya hana ido barci, awa 6 ne tsakaninmu a lokacin zafi, wasan ƙarfe 7 na yamma a nan ƙarfe 1 na dare ne a Kano.

Maman Afnan: Nura in za ka kalla kar ka bi ƙwallo kawai, ka riƙa duba masu duka ta hagu ɗin nan da ke fara gudu tun kafin su taɓa ƙwallon, su ɗan dangwara ta a ƙasa su isa tashar farko cikin ƙasa da daƙiƙa uku. Afnan ta tsane su, ta ce gara mai ƙarfi ta zo ta san da wa take yi. Bari in tashi, gobe muna da gasa a Fort Worth kuma ban wanke mata kaya ba.